Kafin ka ɗora buhu ko ɗaya a motar Legas

Tambayar ta fito ne daga wani ƙanenmu mazaunin Agege, mai aiki a wani kamfani a Apapa. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Yallaɓai, na ɗan tara naira miliyan 12 a shekarun da na yi ina aiki. Duk sanda na je gida na ga yadda tumatir ke yin kwantai a Kwanar Gafan, na dawo na ji kuɗin kwando a kasuwar Mile 12 ta nan Legas, sai raina ya biya. Ina so in shiga harkar abinci. In fara da kayan gwari ne, ko hatsi, ko kuwa in yi rajistar kamfani in nemi fitar da riɗi ƙasashen waje?"

Ƙanena, Allah ya sa wa abin da ka tara albarka. Zan ba ka amsar tun farko, dalilai su biyo baya. Kada ka fara da tumatir, kada ka fara da fitar da kaya waje, kuma kada ka ajiye aikinka tukuna. Fara daga nan Legas. Samo mutanen da za su karɓi kaya a hannunka su biya ka cikin mako guda ko biyu, ka ji irin kayan da suke so, sannan ka juya Arewa ka sayo musu. Galibin waɗanda na ga jarinsu ya narke a wannan harka a juye suka yi ta: sun sayi kaya don ya yi arha, sun ɗora a mota, sai da motar ta wuce Ibadan suka fara tunanin wa za su sayar wa.

Tazarar farashin da ta ja hankalinka gaskiya ce, amma hangen Dala ba shiga birni ba. Ba kai kaɗai kake ganinta ba. Tun kafin layin dogo ya isa Kano a 1911 mutanenmu ke gangarowa Kurmi da shanu da kanwa suna komawa da goro, kuma Zangon Agege ɗin da kake zaune kusa da shi wannan fataucin ne ya raya shi. Yau dubban mutane ne, uba ya bar wa ɗa, suke kwana suna tashi a kan wannan tazarar. Da duk riba ce, da tuni sun cike ta. Abin da ke cikinta shi ne kuɗin mota, kuɗin hanya, kayan da ya lalace, la'adar dillali, da kuɗin da ya maƙale a hannun masu bashi. Abin da ya saura bayan an fitar da waɗannan shi ne rabonka, kuma sau da yawa bai taka kara ya karya ba.

Mu fara da hanya. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Direba ko ya bi ta Abuja da Lokoja, ko ya yanka ta Mokwa da Jebba da Ilorin, ya faɗo Ogbomosho da Oyo zuwa Ibadan. In an yi sa'a tirela ta iso cikin kwana biyu zuwa uku. In tankar mai ta faɗi a wuri mai ƙunci, ko gada ta karye kamar yadda ta Tatabu ta yi a daminar 2017, sai abin da hali ya yi. Mutane da yawa suna ɗora tsadar kuɗin mota a kan cire tallafin fetur na 29 ga Mayu, 2023, alhali manyan motoci gas suke sha. Shi kuwa gas an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa, kuma tun 2022 ya ninka fiye da sau biyu bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Cire tallafin ya fi cizon ƙananan motocin da ke kwaso kaya daga gona zuwa kasuwar ƙauye, da waɗanda ke rarraba shi a cikin garin Legas. Akwai kuma abin da sabon shiga ba ya lura da shi. Motar da ta kawo abinci Kudu tana sa ran komawa da lodi daga Apapa ko Ogun, fulawa ko sukari ko kayan masarufi. Idan lodin komawa ya yi wuya, kai mai kayan gangarowa ne za ka biya kuɗin zuwa da wani abu na komawa, ba tare da an gaya maka ba. Sannan ga shingaye: na jami'an tsaro, na masu harajin amfanin gona na jihohi da ƙananan hukumomi, na 'yan ƙungiya, da na waɗanda ba su da ko rigar aiki, sai katako mai ƙusoshi. Kafin mota ta tashi ku yanke da direba, a gaban shaidu, wa ke biyan kuɗin hanya. In ba haka ba za a tashe ka da waya ƙarfe biyun dare a ce an riƙe mota, a turo kaza.

To, tumatir. Kwandon da ake lodi da shi yana cin kilo 50 zuwa 60, ana kuma jera wani a kan wani. Na ƙasa yana shan nauyi, na tsakiya yana shan zafi, tsinken kwandon yana huda na gefe. Masu nazarin harkar sun daɗe suna ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin ƙasar nan yana lalacewa tsakanin gona da tukunya. Wanda ya farfashe ba zubar da shi ake yi ba, akwai masu sayensa, 'yan kasuwa na ce masa esha, amma a kuɗin da ba ya mayar da ko kuɗin motarsa. An kawo akwatunan roba masu cin kilo 25, kuma tabbas suna rage asara ƙwarai. Abin da ya hana su mamaye kasuwa shi ne dole a mayar da su Arewa fanko, wasu su ɓace a hanya, kuma matan da ke sari sun saba yin ciniki da ido a kan kwando.

Amma ba ruɓewa ce ta fi ba ni tsoro a kanka ba. Farashin tumatir a Mile 12 ba a gona ake yanka shi ba, da asuba ake yanka shi, gwargwadon yawan motocin da suka kwana a bakin kasuwa. Ka sayi kaya ranar Litinin bisa farashin da aka faɗa maka a waya, ka iso ranar Alhamis ka tarar duk wanda ya ji wannan farashin shi ma ya yi lodi. Ba ka da ikon cewa a fasa, a jira gobe, don gobe kayanka ya zama ruwa. A nan ne ake gane ma'anar kasuwa a kai miki dole. Tsofaffin 'yan gwari suna jure wannan ne saboda ba mota ɗaya suke yi ba. Suna faɗuwa a uku, su ci a bakwai, ƙarshen kaka lissafi ya daidaita. Kai kuwa in motarka ta farko ta faɗa cikin ukun nan, ba ka da ta biyu.

Kakar ma a lura da ita. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin rani na Kadawa da Danja da makamantansu yana malalowa, arha kamar a ba ka kyauta. Daga Mayu zuwa Yuli ya yi ƙaranci, kwando ya yi tashin gwauron zabo. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma tun daga lokacin takan leƙo idan zafi ya tsananta. Lokacin da farashi ya fi daɗi a Legas, lokacin ne babu kayan a gida.

Kada ka ɗauka kai za ka tsaya a bakin mota ka sayar. Dillali ne zai sayar, ya cire la'adarsa, a cire kuɗin sauke kaya, kuɗin ƙasa da na ƙungiya. Masu ilimin boko sukan shigo da niyyar wai su kawar da dillali. Ni dai ban ga wanda ya yi nasara ba, kuma dalilin a fili yake. Matan Yarabawan da ke kwasar kaya suna kai wa Oyingbo da Mushin da Ikorodu, da yawansu ba sa biya nan take, sai sun sayar. Dillalin ne ya san wacce ke dawowa da kuɗi da yamma, da wacce sai an kai ƙara wurin Iyaloja, wato shugabar matan kasuwa. Ya san harshensu, ya halarci bikin 'ya'yansu. Wannan sanin ne kake biya da la'ada. Aikinka shi ne zaɓen dillali, ba gudunsa ba. Ka tambayi mutum uku da suka taɓa aiko masa da kaya: in kasuwa ta faɗi, yana faɗin gaskiyar farashin da aka sayar? Kuɗi na kwana nawa a hannunsa? Kuma tunda zama ya kama ka a Legas, ka ƙara ƙoƙari a Yarabanci, ko da na ciniki da gaisuwa ne. Yana sauke farashi, yana kuma kashe faɗa tun bai tashi ba. A watan Maris na 2016 rikici ya sa gwamnatin jiha ta rufe Mile 12 na wani lokaci. A Fabrairun 2021 aka yi na kasuwar Shasha a Ibadan, wanda ya kai ga ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsayar da lodi zuwa Kudu na wasu kwanaki. A duka biyun mai ɗanyen kaya ne ya fara kuka.

Shi ya sa nake tura sabon shiga wajen busasshen kaya: wake, masara, dawa, gero, gyaɗa, busasshen barkono, kauɗar tumatir. Kayan da in ba ka ji daɗin tayin yau ba za ka ɗaure bakin buhunka ka jira. Ba sai ka ɗauki shatar mota ba. Tirela tana ɗaukar kimanin tan 30, wato buhu 300 na kilo 100, kuma ana haɗa lodi, kowa ya biya kuɗin buhunansa. Buhu 20 ko 30 sun ishe ka karatun farko.

A nan ma sai ka san bakin mutanen gari. Mutumin Legas jan wake yake so, musamman mai zaƙin nan da suke kira oloyin, wanda ya fi fitowa daga ɓangaren Borno da Yobe. In ka kawo masa farin waken da muke dafawa da shinkafa a gida, zai saya, amma ba da ɗoki ba, kuma ba a kuɗi ɗaya ba. Ma'auni ma daban. Kai ka saya da mudu ko tiya a kasuwar ƙauye, a nan kuwa da derika da bokitin fenti ake sayarwa, kuma buhun da ake ce wa na kilo 100 ba kullum yake cika 100 ba. Kafin ka sayi komai ka sayi sikeli biyu, ɗaya can ɗaya nan, duk lissafinka ya koma kilo. Masara kuwa manyan masu sayenta ba a cikin Legas suke ba, masu haɗa abincin kaji ne na Ogun da Oyo. Suna auna laimar hatsi a bakin ƙofa, in ta haura kashi 14 cikin 100 su rage kuɗi ko su juya motar. Na'urar auna laima 'yar ƙarama ce, kuɗinta bai kai na buhu biyu ba, ka mallake ta.

Ajiya kuma a Arewa ake yinta. Iskar Legas jiƙaƙƙiya ce, hatsin da ya bushe ƙayau a Dawanau in ya yi wata biyu a sito a nan sai ya ja laima, ya yi fumfuna, ƙwari su farka. Ga kuɗin haya da ake karɓa na shekara guda a dunƙule. Ka bar kayanka a Kano ko Funtuwa ko Potiskum inda iska ke tsare maka shi kyauta, ka riƙa gangaro da abin da za ka sayar cikin mako biyu. Ina kuma roƙonka don Allah, kada ka bari a zuba wa wakenka fiya-fiya ko Sniper don gudun ƙwari. Mutane ne za su ci. Wannan ɗabi'ar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Akwai buhunan PICS masu leda biyu a ciki, in an ɗaure su da kyau ƙwaron yana mutuwa don rashin iska, ba sai an sa magani ba. Masu gidajen abinci da yawa a Legas yanzu suna tambayar wannan, kuma wanda ya amince wakenka ba shi da magani ba ya barinka don bambancin naira ɗari biyu.

Za a ba ka shawarar ka zuba kuɗinka duka a hatsi da kaka, ka rufe, ka buɗe da damina. Shekaru da yawa wannan ya yi aiki, musamman daga 2023 zuwa tsakiyar 2024, lokacin da aka saki naira ta faɗi, tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Duk wanda ya ajiye ko tsakuwa ce a buhu ya ga kamar shi gwani ne. Sai a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150. Kaya suka shigo, damina ta yi kyau, a 2025 farashin hatsi ya gangaro, waɗanda suka cika sito da tsada suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Duba tarihin shekara goma kawai. A 2015 Babban Banki ya hana ba da dala don shigo da kaya 41, har da shinkafa da tumatirin gwangwani. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu, a Disambar 2020 aka fara buɗewa. A Oktoban 2023 aka janye hanin dalar. A Agustan 2025 aka dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya na wata shida, farashinsa ya rikito cikin 'yan kwanaki a hannun waɗanda suka riga suka tara. Kowanne daga cikin waɗannan ya azurta wasu ya karya wasu, kuma ba wanda aka yi shawara da shi a kasuwa. A ƙasa irin tamu sanarwa ɗaya daga Abuja ta fi fari saurin canza farashi. In za ka yi ajiya, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na jarinka, kuma da kuɗinka, ba na rance ba.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi tsayawa, wato kwana nawa kuɗinka ke yi kafin ya dawo. Sabon ɗan kasuwa yana tambayar nawa zan ci a buhu. Tsohon hannu yana tambayar yaushe za a biya ni. Mu yi misali da lissafi. A ce kana cin naira 5 a kowace 100, amma kuɗinka yana juyawa sau biyu a wata. A shekara ka juya sau 24, ka ci 120. Wani kuma yana kai wa babban otel ko katafaren kanti, yana cin 20 a kowace 100, amma sai bayan wata uku ake biyansa. A shekara ya juya sau 4, ya ci 80, in har an biya shi a kan lokaci, abin da ba kullum yake faruwa ba. Kafin kuɗin ya fito kuma kayan ya ƙara tsada a gida, kuɗin da ya sayi buhu 100 yanzu 90 zai saya. Manyan kantuna da otal-otal da kamfanoni suna da daɗin ambato, takardar odarsu tana da kyan gani, amma a zahiri da jarinka suke kasuwanci. Mai naira miliyan 12 ba shi da ƙarfin ba su rance. Abokan cinikinka na farko su ne masu gidajen abinci na unguwa, masu ƙosai da alala da ke cin buhun wake a 'yan kwanaki, masu kunu da fura, masu suya da ke neman ƙuli da barkono da citta, masu dafa wa makarantu, da 'yan tebur na unguwannin da zuwa Mile 12 ke cinye musu rabin yini a cunkoso. Abin da kake sayar musu ba wake kaɗai ba ne. Kana kawo musu har ƙofa, a tsince, a kan sikeli, ranar da ka ce. Ka sa wa kowa iyakar bashi, kuma wanda bai biya na baya ba kada a sauke masa sabo, ko da tare kuke sallah a sahu ɗaya.

Rancen banki a wannan mataki ka bar shi. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Ban da batun haramcin riba, lissafin kansa ba ya fita a harkar da ribarta siririya ce. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suna da tsarin saya maka kaya su sayar maka da jinkiri, amma su ma za su nemi ganin tarihin shige da ficen kuɗinka. Don haka tun ranar farko ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, ka buɗe asusu daban da na albashinka, kowane ciniki ya bi ta cikinsa. Sai dai ka tuna a kasuwannin ƙauye har yanzu tsabar kuɗi ce sarauniya. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, mai tsaba a hannu ya sayi kaya a farashin da mai tiransifa bai samu ba.

Sai maganar da ba a son yi, ta wanda zai saya maka kaya a gida. Kusan kowa ɗan'uwansa yake sawa, kuma a nan zumunci da jari suke mutuwa tare. Ba lallai don ɗan'uwan macuci ne ba. Ka tura masa miliyan uku, ranar nan aka kwantar da wata gwaggo a asibiti, kowa a gidan ya san kuɗinka na hannunsa. Me kake so ya yi? In za ka sa shi, ka yanka masa ladansa a kan kowane buhu, a rubuce, ya san aiki yake yi ba taimako ba. Kuɗin kaya ya tafi kai tsaye ga mai kaya. A soka wa kowane buhu ƙarfen ɗiban samfuri daga ƙasa da tsakiya, don algus ba a saman buhu yake kwana ba. A rubuta nauyi da alamarka a jiki, a ɗauki hoto kafin a rufe tamfol. Zuwa biyu ko uku na farko kuwa ka nemi hutu ka je da kanka.

Game da sarrafa kaya, akwai kasuwa mai kyau a Legas ta yaji, garin kunu, garin ɗanwake, kuka, busasshiyar kuɓewa, kilishi da dambun nama, kuma masu sayen ba Hausawa kaɗai ba ne. Mata da yawa a Agege da Idi-Araba suna yi ta WhatsApp da Instagram, in maiɗakinka tana da sha'awa wannan ɓangaren ya fi dacewa ku fara tare. Amma da zarar ka ƙulle abu a leda da suna kana son ya hau kantar babban shago, sai da lambar NAFDAC, su kuma za su zo duba wurin da ake aikin. Injin niƙa da na busarwa wuta suke ci, kuma a Afrilun 2024 kuɗin wutar layin Band A ya ninka fiye da sau uku ya kai naira 225 a kowane yunit. Kada inji ya ruɗe ka. Masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa an gina ta don sarrafa tan 1,200 a rana, ta fara aiki a 2016, amma ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir a farashin da zai fisshe ta. Injin shinkafa na Imota da aka buɗe a nan Legas a Janairun 2023, mai tan 32 a awa, shi ma shanshera yake jira daga wasu jihohi. In masu wannan ƙarfin suna fama da samun abin da za su zuba wa inji, kai ka fara da kai niƙa wurin masu inji ka biya, har odarka ta fi ƙarfinsu.

Fitar da kaya waje ba zan ja shi ba, don kuɗinka bai kai ba tukuna. Ƙaramar kwantena tana cin kusan tan 19 na riɗi, miliyan 12 ba za ta cika ta ba, balle kuɗin gyara, buhuna, dakon kaya zuwa Apapa ko Lekki da jiran jirgi. Akwai rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya waje ta NEPC, da fom ɗin fitar da kaya na NXP ta banki, da takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS, kuma doka ta ce kuɗin kayan ya dawo gida cikin kwana 180. Takardun ba su ne wahalar ba. Wahalar ita ce mai saye a Turkiyya ko Japan ko Sin zai gwada kayan a can, in ya samu ragowar maganin ƙwari ko dattin da ya wuce yarjejeniya, ya rage kuɗi ko ya ƙi karɓa, kayanka kuma na bayan teku. Citta ma da ake ta yabo, a 2023 cuta ta cinye mafi yawan gonakinta a kudancin Kaduna, waɗanda suka sa hannu a kwangila suka rasa abin cikawa. In zuciyarka na can, fara da kai wa masu fitarwa tan biyu ko uku na riɗi ko zoɓo a sitonsu na Kano ko Legas. Za ka ga abin da suke karɓa da abin da suke mayarwa, kuma a naira za a biya ka. Ragunan layya ma haka, harkar mako biyu ce mai daɗin labari, amma ragon da ya kwana a hannunka ranar sallah ya zama mai cin dusa a gidan haya.

Ga yadda zan yi in ni ne kai. Wata biyu na farko ba sayen komai. Duk Asabar bayan sallar asuba ka tafi Mile 12 ko Iddo ko Daleko da littafi, ka rubuta farashin kaya uku kacal, a ranar kuma wani ya karanto maka na Dawanau, ka tambayi kuɗin mota na buhu. Da yamma ka zaga unguwarku da maƙwabtanta, Ogba, Iyana-Ipaja, Abule-Egba, kana tambayar masu abinci: buhu nawa kuke ci a mako, wane iri, a wurin wa kuke saya, me ke ba ku haushi da shi, ranar wace kuke biya? Naira miliyan 3 ta isa gwajin farko, sauran su zauna inda hannu ba ya saurin kaiwa. In ka samu mutum biyar da suka ce kawo mu gani, ka turo mini irin kayan da adadin da kowanne ya ambata, tare da farashin da ka tattara, mu zauna mu fitar da kuɗin kilo ɗaya daga kasuwar ƙauye har ƙofar shagonsu.